Idan tsohuwar kyanwa ta fara bin mai alwala

A gidan goggona da ke Maska, kudu da Funtua, ba a taɓa raɗa wa kyanwar gidan suna ba. Kuliya ake ce mata, kamar kowace kyanwa. Amma an san shekarunta, abin da ba kasafai ake sani ba, domin an kawo ta cikin kwali tana 'yar mitsitsiya a daminar da aka haifi jikan goggo na fari. Lokacin da wannan abu ya faru yaron yana ajin ƙarshe na firamare. Shekararta 12 ke nan.

Duk tsawon wannan lokaci aikinta ɗaya ne: gadin rumbuna biyu da ɗakin da ake jibge buhunan masara da dawa da waken suya kafin a kai su kasuwar Funtua ko ta Dandume. Wanda ya taɓa buɗe ɗakin ajiya ya tarar ɓeraye sun huda gindin buhuna sun cakuɗa hatsi da kashinsu, shi ya san amfanin kyanwa a gidan manomi. Ma'aikaciya ce, ladanta kuwa ragowar tuwo da kan kifi.

Da hunturu ya shigo sai ta ɓullo da sabuwar ɗabi'a. Duk wanda ya tsuguna zai yi alwala, sai ta zo gabansa tana lasar ruwan da ke zuba daga buta. Da asuba a same ta a gindin randa, da rana a bakin rariya wurin wanke-wanke. Yara suka mayar da abin wasa, wai Kuliya ta tuba ta fara salla. Goggo ta ce iskar hunturu ce ke busar mata da maƙogwaro. Hunturu ya wuce, bazara ta shigo, aka ce zafi ne. Sai da na je gida yawon salla na ɗauke ta, na ji kamar tsumma na ɗauka. Ƙashin bayanta ya fito ɗaya bayan ɗaya kamar 'ya'yan carbi, gashinta ya yi buzu-buzu don ta daina lashe jikinta, bakinta kuma yana wani wari mai kama da zarnin fitsari.

Likitocin dabbobi a ko'ina cikin duniya sun san wannan hoto. Ciwon ƙoda mai tafiyar hawainiya yana cikin manyan cututtukan da ke kashe tsofaffin maguna, kuma ƙididdigar da suke aiki da ita ita ce kashi 30 zuwa 40 cikin 100 na magunan da suka haura shekara 10 suna ɗauke da shi. Kyanwa mai shekara 10 tana daidai da mutum mai shekara 56 ko kusa da haka, mai shekara 15 kuwa kamar dattijo ne mai shekara 76. A wajenmu magunan da ke kai wa wannan tsufa ba su da yawa, mota da guba da karnuka da yara masu danƙo sukan riga ciwon. Waɗanda suka tsallake duk wannan, galibi ƙoda ce ke jiransu.

Me ya sa ƙishirwa ke fara bayyana?

Kakannin kyanwar gida magunan daji ne na busassun ƙasashen Afirka da Gabas ta Tsakiya, waɗanda suka matso kusa da mutum kimanin shekara 10,000 da suka wuce, lokacin da ya fara tara hatsi ɓeraye suka biyo shi. Ashe tun asali rumbu ne ya haɗa mu. Dabbar da ta taso a irin wannan ƙasa dole ta iya tattalin ruwa, shi ya sa lafiyayyar kyanwa ba ta cika shan ruwa ba. Mafi yawan abin da take bukata tana samu ne daga jikin ɓeran da ta kama, wanda kusan kashi 70 cikin 100 na nauyinsa ruwa ne. Ƙodarta kuma takan matse fitsari ya fito kaɗan, mai kauri, mai warin nan da kowa ya sani.

A cikin kowace ƙodar kyanwa akwai ƙananan matatai kimanin 200,000. Na mutum sun kai kusan miliyan ɗaya a kowace ƙoda. Su ke tace jini, su fitar da datti, su mayar wa jiki da ruwan da yake bukata. Matatar da ta mutu ba ta sake tsirowa. Waɗanda suka rage su ke ɗaukar aikinta, kamar 'yan ƙwadago goma da aka ba gona, uku suka tafi, aka ce sauran bakwai su gama kafin la'asar. Za su gama, amma gobe wani daga cikinsu zai kwanta. A haka abin ke tafiya shekara da shekaru ba tare da kowa ya lura ba. Sai kusan kashi biyu cikin uku na aikin ƙodar ya tafi sannan take kasa matse fitsari, sai kuma kusan kashi uku cikin huɗu ya tafi sannan dattin ke taruwa a jini har gwajin da aka saba yi ya nuna shi.

A nan ne mutane da yawa ke fahimtar abin a juye. Suna ganin kyanwa na yawan fitsari saboda tana yawan shan ruwa, sai su ce a rage mata ruwan, ko a rufe randa a kore ta. Gaskiyar ita ce fitsarin ne ke zuba ba da son ranta ba, tana shan ruwan ne don ta mayar da abin da ya tsiyaye. Hana mata ruwa na yini ɗaya a watan Afrilu yana iya kayar da ƙodar da ke lallaɓawa da ƙyar. A gidan goggo alamar tana nan tun da daɗewa a bayan madafa, inda Kuliya ke tona yashi: jiƙon ya ninka faɗi, kuma ya daina wari. Ba wanda ya ɗauke shi a bakin komai, hasali ma murna aka yi da warin ya ragu.

Mai son auna abin yana iya yi da ledar fiya wata, wadda ke ɗaukar mililita 500. Kyanwa mai nauyin kilo uku da ke shanye fiye da rabin leda kowace rana ta wuce ƙa'ida nesa ba kusa ba. Kafin a kai ga haka ma, duk tsohuwar kyanwar da shan ruwanta ya ƙaru a fili ta cancanci a duba ta.

Tafiya Funtua da kyanwa a kwando

Ranar da na ce zan kai ta wurin likita, an sha dariya a ƙofar gida. Wani dattijo ya tambaye ni ko a birni haka ake yi, wani ya ce ga 'ya'yan maguna nan a gidansa in zo in zaɓa kyauta. Goggo ce kawai ba ta yi dariya ba. Ta ɗauko kwando mai murfi ta shimfiɗa tsohon zani a ciki, ta ce, "Ɗan nan, ku tafi da sanyin safiya, kada rana ta same ta a hanya." Shawarar daidai ce. Ɗaure kyanwa a buhu a ɗora a bayan babur da tsakar rana, kamar yadda aka saba, yana iya ƙarasa marar lafiya kafin a isa.

Likitan da muka samu a Funtua, kamar yawancin takwarorinsa a wannan yanki, aikinsa shanu ne da tumaki da kajin gona. Bai ɓoye mini ba cewa sai a yi watanni bai taɓa kyanwa ba. Amma ya san abin da zai nema. Ya latsa cikinta ya ji ƙodojin sun ƙanƙance sun yi tauri, ya ɗaga leɓenta ya ga dasashin ya yi fari ya bushe, ya ɗebi jini da fitsari ya aika ɗakin gwaji.

Gwaji biyu ne ginshiƙin gane wannan ciwo. Na farko kiriyatinin, wani datti da tsoka ke fitarwa wanda ƙoda ce kaɗai ke share shi daga jini. Na biyu kaurin fitsari, wanda a lafiyayyar kyanwa yakan haura 1.035 a ma'auni. Injin da ke auna kiriyatinin ɗin mutum shi ne ke auna na kyanwa, sai dai iyakar da ake ɗauka lafiya ta bambanta, don haka likitan dabbobi ne zai karanta sakamakon. Wanda ke son cikakken bincike, har da hoton ciki, Asibitin Koyarwa na Dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello yana Samaru, a kan hanyar Funtua zuwa Zariya.

Gwajin ba ɓarnar kuɗi ba ne, domin ƙishirwa da rama ba ƙoda kaɗai ke kawo su ba. Ciwon suga yana yin haka. Akwai kuma wata cuta ta ƙullutun maƙogwaro da ke sa tsohuwar kyanwa ci kamar gara tana kuma ramewa. Ruɓar mahaifa a macen da ba a yi wa aiki ba ita ma tana sa shan ruwa. Kowanne maganinsa daban, wasu ma ana warkewa sarai.

Akwai wani abu kuma da bai kamata a haɗa shi da wannan ba. Idan muzuru yana ta tsugunawa yana nishi fitsari ba ya fita, ko yana ɗiga da jini, mafitsararsa ce ta toshe. Wannan ba ya jiran ranar kasuwa. Cikin kwana biyu ko uku yana kisa, alhali idan likita ya buɗe hanyar da wuri muzurun na iya tashi garau.

Kwana nawa suka rage?

Wannan ita ce tambayar da goggo ta fara yi da na dawo, ita ce kuma kowa ke yi. Wata ƙungiyar ƙwararrun likitocin dabbobi ta duniya, IRIS, ta kasa ciwon mataki huɗu bisa yawan kiriyatinin a jini. Ƙasa da 1.6 mataki na ɗaya ne, 1.6 zuwa 2.8 na biyu, 2.9 zuwa 5.0 na uku, abin da ya haura 5.0 kuwa na huɗu. Kuliya ta faɗa a mataki na uku.

Wani bincike da aka wallafa a 2008 ya bi diddigin maguna 211 a wani asibitin dabbobi na birnin New York a Amurka. Cikin waɗanda aka gano ciwonsu a ƙarshen mataki na biyu, rabi sun haura kwana 1,151 a raye, wato fiye da shekara uku. A mataki na uku adadin ya sauko zuwa kwana 778, shekara biyu da 'yan kai. A mataki na huɗu kuwa kwana 103 ne kacal, wata uku da 'yan kwanaki. A kowane rukuni an samu waɗanda suka mutu cikin kwanaki ko makonni, an kuma samu waɗanda suka yi shekara biyar.

Ba zan ce a ɗauki waɗannan alƙaluma a liƙa wa kyanwar Maska ba. Magunan New York suna da abinci na musamman da likita a bayan gida, namu kuwa suna kwana a rumbu suna fama da zafin Maris da Afrilu. Abin da ya dace a ɗauka shi ne tazarar da ke tsakanin kwana 1,151 da kwana 103. Ciwon ɗaya ne, bambancin shi ne lokacin da aka gano shi. Mu kuwa sai dabba ta kwanta ta daina ci sannan muke cewa ba ta da lafiya, wato sai ta kai mataki na huɗu. Kuliya ta yi wata huɗu tana bin masu alwala kafin wani ya ɗaga ta ya ji nauyinta.

Ciwon ba ya warkewa. Duk wanda ya ce yana da allura ko jiƙon da zai dawo da ƙodar da ta ƙanƙance, kuɗinka yake so. Abin da ake iya yi shi ne rage masa gudu da sauƙaƙa wa dabbar, wannan kuwa yana iya zama shekara guda ko biyu na rayuwa mai daɗi.

Taimakon da ke kisa

Kafin in iso gida, ashe har wani yaro ya kawo shawarar a ɓalla mata rabin Panadol a cikin kunu, don jikinta ya yi laushi. Allah Ya sa goggo ta ce a bari tukuna. Hantar kyanwa ba ta iya sarrafa farasitamol yadda ta mutum ke yi. Ƙwaya ɗaya, wani lokaci ma ɓarinta, tana lalata jininta, dasashi ya koma ruwan ƙasa, fuska ta kumbura, numfashi ya gagara. Magungunan ciwon jiki irin su ibufurofen da diklofenak, waɗanda ke cike a kowane kemis da tiren mai talla, su kuma ƙodar suke bugu kai tsaye.

Ɗan uwansu ne Indocid, maganin ciwon gaɓoɓi da a gidaje da yawa a Najeriya aka mayar da shi maganin ɓera. A buɗe kafso a barbaɗa garin a kan kifi a ajiye a lungu. Wanda ya fi ɓera son kifi a gidan kuwa an san shi. Haka ma shinkafar ɓera, da feshin Sniper a ɗakin da kyanwa ke kwana. Gidan da ke da kyanwa, in dole sai an sa guba, a sa ta inda ɓera kaɗai ke iya shiga, a kuma kwashe mushen da sassafe a binne.

Sai masu yi wa dabbobinsu allura da kansu, waɗanda ba su da kaɗan a karkara. Jentamaisin da ake yi wa kaji da awaki sananne ne wajen cutar da ƙoda, balle a jikin da ruwa ya riga ya ƙare. Kanwa ma, wadda muke ba tumaki da shanu muna ganin maganin komai ce, ba ta da gurbi a nan. Gaskiya ne maguna masu wannan ciwo sukan rasa sinadarin fotasiyam, har wuyan wasu ya langaɓe su kasa ɗaga kai, amma abin da ya fi yawa a kanwa dangin gishiri ne, ba abin da suka rasa ba.

Abin da gida ke iya yi

Ruwa ne kan gaba, kuma shi ne ba ya cin ko sisi. Goggo ta samo kasake uku na ƙasa, masu faɗin baki, domin kyanwa ba ta son gashin bakinta yana gogar gefen kwano. Ɗaya a gindin randa, ɗaya a inuwar rumbu, ɗaya a ƙofar ɗakinta don dare. Kaskon ƙasa yana riƙe sanyi, ana kuma sauya ruwan safe da yamma. An daina rufe ta a ɗakin ajiya da dare ba ruwa, al'adar da aka shekara goma ana yi don ta yi farauta. Abincinta kuma aka riƙa tsoma shi a romon kaza da aka ɗiba kafin a sa gishiri da Maggi da albasa. Albasa da tafarnuwa suna fasa jajayen ƙwayoyin jinin kyanwa, ga shi mai ciwon ƙoda dama jininta a ƙasa yake, don ƙoda ce ke aika wa ɓargo saƙon ya ƙera jini. Ragowar miya ta fita daga lissafi ke nan.

Batun abinci shi ne mai wuya. Abin da ya fi hanzarta lalacewar ƙodar kyanwa shi ne sinadarin fosforas idan ya taru a jini. Wani bincike da likitoci suka wallafa a Landan a 2000 ya bi maguna 50 masu wannan ciwo. Guda 29 da suka karɓi abincin da aka rage wa fosforas da furotin, tsaka-tsakin abin da suka rayu kwana 633 ne. Guda 21 da suka ci gaba da abincinsu na da, kwana 264. Fiye da ninki biyu, daga canjin abinci kawai. Kamfanoni irin su Royal Canin da Hill's suna yin wannan abinci, ana kuma iya samunsa a shagunan kayan dabbobin gida na Abuja da Legas, a farashin da manomin Maska zai ji ya girgiza kai.

To, mene ne mai yawan fosforas a abincin magunanmu? Daidai abubuwan da muke ba su don nuna ƙauna: busasshen kifi da ƙayarsa, kan kifi, ƙashi, hanta, nono da madara. Likitan ya ce a janye waɗannan, a koma ga tsokar kaza ko nama marar ƙashi da ɗan kitsensa, da dafaffen farin ƙwai wanda furotin ɗinsa mai kyau ne fosforas ɗinsa kaɗan, a cakuɗa da 'yar shinkafa mai laushi. Ya kuma rubuta wani magani da ake haɗawa da abinci yana kama fosforas a hanji kafin ya shiga jini. Wannan haɗi bai kai abincin kamfani daidaito ba, shi ma likitan ya faɗi haka. Kuskuren da ya fi tsoro shi ne a ji an ce a rage furotin a mayar da kyanwa kan tuwo da kunu zalla. Kyanwa maciyar nama ce ta asali. Akwai sinadaran da jikinta ba ya iya haɗawa sai daga nama, rashinsu kuwa yana makantar da ita ya kuma raunana zuciyarta.

Duk wata doka ta abinci tana rushewa ranar da kyanwa ta ƙi ci. Dattin da ke jininta yana sa ta tashin zuciya, sai ta zo ta shinshina kwano ta juya. A irin wannan rana a ba ta duk abin da za ta karɓa, ko da kifin da aka hana ne, domin kyanwar da ta yi kwanaki ba ci hantarta ce ke biyo baya. Ɗumama abincin kaɗan yana taso da ƙamshi, ba da shi kaɗan-kaɗan sau huɗu ko biyar ya fi tara mata sau ɗaya. Likita kuma yana da maganin amai da na buɗe ciki da suka dace da ita.

Da zafi ya yi tsanani sai aka shiga ƙarin ruwa. Ba ta jijiya ake yi ba. Ana ɗaga fatar da ke tsakanin kafaɗunta a zura allura a ƙarƙashi, a bar mililita 75 zuwa 150 na ruwan asibiti su shiga, kowace rana ko bayan kwana biyu ko uku, gwargwadon yadda likita ya tsara. Wurin yakan kumbura kamar tozon sa, cikin 'yan sa'o'i jiki ya shanye. Likitan ya koya wa wani ɗan goggo da ya saba da yi wa awaki allura, aka rataye ledar a ƙusar da ake rataye fitila. Abin mamaki, kyanwar da a da ba ta yarda a taɓa ta ba, ta zama kyanwar Lami, tana kwance a cinyar goggo har a gama. Ba kowace mai ciwon ke bukatar wannan ba, kuma mai raunin zuciya ruwan na iya yi mata yawa, shi ya sa ba a fara shi da ka.

Abu na ƙarshe da ya kamata a sa wa ido shi ne hawan jini, wanda ke bin wannan ciwo sau da yawa. Alamarsa mai ban tsoro ita ce makanta ta farat ɗaya: a wayi gari kyanwa na karo da bango, baƙin idonta ya buɗe bai rufuwa ko a rana. Maganin da ake ba ta, amlodifin, shi ne wanda dattawanmu da yawa ke sha. Amma abin da ake fara ba kyanwa shi ne kashi ɗaya cikin takwas na ƙwayar miligiram 5. Wannan kaɗai ya isa ya nuna hatsarin ɗebo maganin Baba a ba ta.

Mutane ma ba su samu ba

Na san abin da wani mai karatu ke faɗa a ransa, don an faɗa mini a fuska. Ga mutane nan a asibitoci suna sayar da gona don wankin ƙoda, har sai da gwamnatin tarayya ta sanar a 2025 cewa ta rage kuɗin wanki ɗaya daga naira 50,000 zuwa 12,000 a wasu asibitocinta, kai kuma kana maganar kyanwa. Maganar tana da nauyi, ba na kuma kiran kowa ya hana iyalinsa ya ba dabba. A Amurka tun 1987 ake yi wa maguna dashen ƙoda, da sharaɗin mai kyanwar ya ɗauki wadda aka ciri ƙodarta ya riƙe ta har ƙarshen rayuwarta. A Japan, a 2021, masu maguna sun tara wa Jami'ar Tokyo miliyoyin yen don Farfesa Toru Miyazaki ya ci gaba da bincikensa kan wani furotin na jini mai suna AIM, wanda ya gano ba ya aiki yadda ya kamata a jikin maguna. Wannan duniyarsu ce. Abin da aka kashe wa Kuliya gaba ɗaya, da gwaji da kuɗin babur da ledojin ruwa, bai kai abin da ɓeraye ke ci a ɗakin ajiya a kaka ɗaya ba.

Abin da nake ƙi shi ne abin da aka saba yi wa kyanwar da ta tsufa ta fara fitsari a ɗaki: a cusa ta a buhu a kai ta bayan gari ko kasuwa a yar. Dabbar da ba ta iya yini ba ruwa, wannan hukuncin kisa ne da ƙishirwa. Kowane ɗalibin islamiyya ya san hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito na matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba. Sakin wadda ba ta iya neman abincin bai yi nisa da tsarewar ba.

Idan ƙarshe ya zo yana da alamu. Ta daina ci ko da an ɗumama, amai ba ya tsayawa, gyambo ya fito a baki, jiki ya yi sanyi, ta kasa tashi zuwa kasko, wani lokaci har da jijjiga. Likitan dabbobi yana da allurar da ke sa dabba barci ta wuce ba wahala. Masu tambayar matsayin wannan a addini, Muhtasar na Shehu Halil, wanda ake karantawa a zaurukanmu, ya halatta yanka dabbar da ba a cin namanta idan an fid da rai da ita, masu sharhi kuma suka ce don a hutar da ita ne. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya tambayi malaminsa.

Kuliya ba ta kai ga allurar ba. Ta tsallake bazarar, da ruwa ya sauka ta ɗan murmure har gashinta ya kwanta. Da kaka an gan ta sau biyu da ɓera a baki, ko da yake goggo na zargin 'yarta ce ta kama ta bar mata. Ta ga wani hunturun. A bazara ta biyu, wata 14 bayan tafiyarmu Funtua, ta yi kwana biyu ba ta ci ba, a na uku aka same ta da asuba a inuwar rumbu kusa da kaskonta. Jikan goggo, tsaran nata, shi ya haƙa mata rami a bayan gida.

Kasaken uku suna nan inda suke. 'Yar Kuliya ce ke gadin rumbunan yanzu, shekararta takwas, kuma duk farkon wata goggo na sa a ɗora ta a kwando a auna ta da sikelin mai sayen waken suya, yaron ya rubuta nauyin da gawayi a bangon madafa.